Amsa ga ƙanenmu da wutar murhunsa ke mutuwa kafin asuba

An rubuta wannan muryar ne saboda 'yan uwa da ke wurin aiki, waɗanda ba su da damar saurare.

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, barkanmu da war haka, yaya sanyi? Ƙanena, na saurari muryarka tun jiya da daddare, sai yanzu na samu zama. Ka ce gidan da kuka koma a wajen Saskatoon, nan Kanada, kun tarar da murhun itace irin mai katalis ɗin nan, kana cika shi wajen ƙarfe 10 na dare, ka rage iska ka kwanta, kafin ƙarfe 3 wuta ta mutu, gilashi ya yi baƙi ƙirin, itacen kuma yana nan rabinsa bai ci ba. Sannan rannan da ka bar iskar a buɗe, allurar agogon auna zafin murhun ta wuce 1,600 har hankalin iyali ya tashi. Kana tambaya ko murhun ne ya lalace. To, a ganina lafiyarsa ƙalau. Ni ma irinsa nake amfani da shi a nan Manitoba, wannan hunturu na bakwai ke nan, kuma duk abin da ka lissafa na gan shi da idona.

Abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne murhunmu na gida. Mu mun tashi a kan cewa wuta ita ce harshen da ke ci bal-bal, in babu harshe an ce ta mutu, a iza a hura. Wannan murhun ba haka yake ba. A samansa daga ciki akwai wani abu mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, na yumɓu ko na ƙarfe, an shafa masa filatinum ko faladiyum. Shi ne katalis ɗin. Aikinsa ya ƙona hayaƙi. Shi hayaƙin itace makamashi ne, amma ba ya kamawa da kansa sai zafi ya kai wajen digiri 1,100 a ma'aunin Faranhait. In ya bi ta cikin saƙar nan kuwa, a 500 kawai sai ya kama, wato kamar 260 a Salsiyos. Ka lura, agogon da ke kan murhun yawanci da Faranhait yake ƙirga, ba irin wanda muke jin labarin yanayi da shi ba, don haka duk lambar zafin murhu da na ambata daga nan Faranhait nake nufi. To ka ga, itacen yana iya kwanciya a ƙasa yana turara kawai, babu harshe ko ɗaya, akwatin ya yi duhu, amma can sama saƙar tana cin hayaƙin tana ba ka zafi 900 ko 1,000. Ranar da na fara ganin haka na ɗora hannu kusa da saman murhun, zafin ya kore ni, alhali in ka leƙa gilashi sai ka rantse an kashe.

Yanzu ga inda nake zaton matsalarka take. Ba ka faɗi ko ka auna itacen ba, kuma daga yadda ka kwatanta, ɗanye ne. Kar ka ce mai sayarwa ya ce busasshe ne. Shekarata ta farko wani ya kawo mini lodi guda, ya rantse ya shekara a tare. Ina sakawa sai in ji yana tsuwwa, kumfa na fita ta bakin gungumen. Kafin watan Fabrairu saƙar ta toshe, mai sharar bututun hayaƙi ya zo ya fitar da kusan rabin bokiti na baƙin abin nan mai ƙyalli kamar busasshiyar kwalta. Ya nuna mini a tafin hannunsa, ya ce da wannan gidaje ke kamawa. Jikina ya yi sanyi wallahi, don ɗakin yara yana jikin bututun. Tun daga ranar na sayi ɗan na'urar auna danshi, mai ƙusoshi biyu, ba ta da tsada, duk shagon kayan gini akwai. Yadda ake yi, ka shigo da guda ɗaya cikin gida ya kwana ya huce, don daskararren itace ba ya ba da lamba ta gaskiya. Ka faskara shi, ka soka ƙusoshin a sabuwar fuskar da ka buɗe, ba a baya ba. In ya haura kashi 20 cikin 100, ba na bana ba ne. Ɗanyen itace kafin ya ba ka zafi sai ya gama dafa ruwan cikinsa, tururin nan kuma shi ke sanyaya saƙar har ta faɗi ƙasa da 500 ta daina aiki. Da ta daina, hayaƙin sai ya wuce ɗanyensa ya manne a bututu.

Sai yadda ake lodi. Nan ne gaggawa ke cutar mutane, don mutum ya gaji yana son ya kwanta. Akwai hannun ƙarfe a gefe ko a sama, wanda ke buɗe ƙofar ratse, Turawa na ce mata baifas. In tana buɗe hayaƙi na tafiya kai tsaye bututu, in ka rufe dole ya bi ta saƙar. Kafin ka taɓa ƙofar murhu, buɗe baifas, buɗe iska gaba ɗaya, ka jira minti ɗaya ko biyu. In ba haka ba hayaƙi ya cika maka falo, ita kuma saƙar da ke da zafi ta sha iska mai sanyi lokaci guda, irin haka ke tsattsaga ta. Ka jawo garwashin gaba, ka jera itace a matse, manya a ƙasa da baya, kar ka bar manyan ramuka a tsakani. Wanda ka ɗebo daga waje da dusar ƙanƙara a jikinsa kar ya shiga, ka riƙa shigo da na gobe tun yau. Rufe ƙofa, bar wuta ta kama sosai. In allura ta shiga 500, ko wurin da aka yi wa alama a agogon, kuma ka ga itacen ya kama da gaske, sai ka rufe baifas. Ka sani allurar tana da nawa, takan yi 'yan mintuna a baya kafin ta nuna abin da ke faruwa a ciki.

To, ga wurin da na ce ka kasa kunne. Bayan ka rufe baifas, kar ka rage iska nan take. Bar ta a buɗe minti 20 zuwa 30, har duk bayan itacen ya yi baƙi ya ƙone, sauran danshin ya fita, bututun ma ya ɗau zafi ya fara ja da kyau. Sannan ka rage, amma ba tashi ɗaya ba. Rage kaɗan, je ka yi alwala ka dawo, duba allura. In tana nan ko tana hawa, ƙara ragewa. Sau biyu ko uku haka har ka kai inda kake so. Ni lodin dare nakan fara shi wajen 9 da kwata don in kwanta 10 hankali kwance. Kai kuwa kana cikawa kana shaƙe ta a minti biyar, ita ko kamawa ba ta gama yi ba. Kuma kowane gida da inda nasa ke tsayawa. Tsawon bututunka, yawan lanƙwasarsa, sanyin waje, duk suna canja wurin. In ka samu wurin da allura ke kwana sama da 500 har asuba, sa ɗigon fenti ko ɗan tef a jikin maɓallin rage iska. Ƙasa da nan kar ka sauka.

Maganar 1,600 ɗin nan kuma. Tsakanin 600 da 1,400 ko 1,500 wurin aikinta ne, kar ka damu. In ka leƙa ka ga saƙar ta yi jajur, ba matsala ba ce, takan yi haka in ta wuce 1,000, kuma in ba ta yi ja ba ba yana nufin ta daina aiki ba. Abin da ke cinye ta shi ne ta daɗe sama da 1,600, ko harshen wuta ya riƙa lasarta kai tsaye. Sabuwa takan yi zafin rai a makonnin farko, daga baya ta natsu. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, wani lokaci kana rage iska sai allura ta ƙara hawa. Dalili, ka kashe harshen da ke cin hayaƙi a ƙasa, duk hayaƙin ya taru ya tafi wurin saƙar, abinci ya yi mata yawa. Shi ya sa na ce a hankali ake ragewa. Ƙananan faskare masu bushewa ƙayau su ma sukan jawo haka, don duk tare suke sakin hayaƙinsu. Ka gauraya da manya. Kuma daren da aka ce sanyi ya kai 30 ko 35 ƙasa da sifiri a Salsiyos, bututu na ja da ƙarfi fiye da kullum, sai ka ga maɓallin yana inda yake amma wutar ta fi ci. In murhu ya ƙi jin ragi gaba ɗaya, duba igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa. In ya huce, maƙala takarda ka rufe ƙofar a kanta, ka ja. In ta zare ba wuya, iska na satar hanya ta nan, a canja igiyar.

Yawwa, batun awanni. Na san ka ga ana cewa irin waɗannan murhu suna kai awa 30, kamfanin Blaze King ma suna faɗin har 40 a babban nasu. Gaskiya ne yana yiwuwa, amma a mafi ƙanƙantar wuta ne, da akwati cike da itace mai nauyi. Bari mu yi lissafi tare. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafi kamar yunit 4 na lantarki. In ka loda kilo 20, yunit 80 ke nan, a ce 60 ne suka tsaya a cikin gida bayan wanda ya bi bututu. In ka shimfiɗa 60 ɗin nan a awa 24, kowace awa kana samun biyu da rabi, bai kai hita biyu irin na jonawa a bango ba. Wannan ya isa a watan Oktoba ko Afrilu. A tsakiyar Janairu a lardinku na Saskachewan kuwa ba zai riƙe gida ba, dole ka buɗe iska, lodin ya ƙare a awa 8 ko 10. Maɓallin ba ya ƙara zafin da ke cikin itacen, rabawa kawai yake yi. Saboda haka ni ba na bin dogon lokaci don kansa. A tsananin sanyi sau biyu ko uku nake lodi a yini, in an samu sauƙi sau ɗaya.

Nauyin itacen ma yana cikin lissafin. Kilo da kilo kusan duk zafinsu ɗaya, amma akwatin ba kilo yake aunawa ba, wuri yake da shi. Kamar yadda a gida kowa ya san ƙirya da marke ba ɗaya suke da itacen rimi ba, to nan ma haka. Itatuwan fofula da sifurus, waɗanda suka fi yawa a yankinku, ba su da nauyi, suna saurin bushewa suna saurin ƙarewa, na rana ne in kana gida. Bac da tamarak ka ajiye su don dare. Mu nan muna samun ash da ok, shi ok sai ya yi shekara biyu a faskare kafin ya yi daɗin ƙonawa.

Gilashin da ya yi baƙi kar ya dame ka sosai, in ana ƙaramar wuta haka yake yi, musamman ta kusurwoyi. Wuta mai ƙarfi ta rabin awa takan share mafi yawansa. Shaidar da ta fi gilashi tana waje. Sa rigar sanyi ka fita ka ɗaga kai ka dubi bakin bututu bayan ka rufe baifas da kamar rabin awa. In ka ga fari-fari yana fita yana ɓacewa nan kusa, tururi ne, lafiya. In ka ga shuɗi ko toka-toka yana jan jela har gidan maƙwabci, saƙar ba ta ci. Ko itace ne, ko toka ta toshe ramukan, ko ta tsufa. In murhu ya huce sarai, share fuskarta da burushi mai laushi irin na fenti, kar ka soka mata waya. Tunda gidan saye kuka yi, ka binciki shekarunta, don ba ta dawwama, yawanci tsakanin shekara 6 zuwa 10 ake canjawa. Kuma don Allah ka gaya wa iyali da yara, ba a jefa leda, ko takarda mai launi, ko katako mai fenti, ko wanda aka jiƙa da magani irin na shinge. Gubarsu na kashe saƙar, mu ma ba ta bar mu ba.

Wannan na ƙarshe da shi nake roƙonka, tsakanina da kai. Kafin ka sake kwana da wuta, tabbatar akwai na'urar da ke ƙara in iskar kabon monoksaid ta taru, ɗaya kusa da ɗakunan kwana, da ta hayaƙi, kuma batir ɗinsu na aiki. Duk mun san labarin kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a gida, a kwanta lafiya a wayi gari da gawa. Iskar nan ce dai, ba ta da wari ba ta da launi, gidajen nan kuma a toshe suke ruf. Toka in ka kwashe, a bokitin ƙarfe mai murfi, a kai waje nesa da bango, don garwashi na iya kwana uku a cikinta da ransa. Ka bar kamar inci ɗaya a ƙasan murhun, tana taimaka wa garwashi ya kai safe. Tunda ka yi makonni kana kwana da wutar da ke mutuwa, ka kira mai shara ya leƙa bututun nan a wannan makon, ka nemi mai takardar WETT, wato shaidar horo kan duba murhun itace da bututunsa, su ne kamfanonin inshora na Kanada suka fi sani, kuma wataƙila naka inshorar ma za su nemi takardar.

Gobe in Allah ya kai mu ka auna guda uku daga wurare daban-daban na tarin itacenka, ka turo mini hoton lambar. Daren kuma ka ɗauki hoton allura lokacin da ka rufe baifas, da bayan awa ɗaya, da in ka tashi sallar asuba. Da waɗannan zan gaya maka inda za ka tsayar da maɓallin. In itacen ya fito ɗanye, akwai bulo na garin katako da ake matsewa ana sayarwa a shaguna, wanda ba a sa masa kakin kyandir ba, kana iya haɗa biyu ko uku da naka ka lallaɓa zuwa bazara. A gaida iyali da yara. Wassalamu alaikum.