Tsohon gidan gurzar auduga zan mayar gidajen haya, ta ina zan fara?

Tambaya: Barista salamu alaikum. Akwai wani tsohon gidan gurzar auduga a Sabon Gari kusa da layin dogo, tun ina yaro yake rufe, yanzu dillali ya kawo min shi har na ba da kafin alƙalami. So nake in yanka shi gida-gida in zuba 'yan haya, magina ma sun ce sati mai zuwa za su fara. Akwai matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka ce wa maginan nan su dakata tukuna, ko bulo ɗaya kar a sauke a wajen.

Ka karɓi kwafin satifiket ɗin filin ka karanta da idonka. A dokar filaye ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi yake ba mutum izinin zama, galibi na shekara 99, kuma a jikin satifiket ɗin ana rubuta abin da aka ba da filin dominsa. Naka kusan tabbas masana'anta aka rubuta. To in ka zuba mutane suna kwana suna girki a ciki ba tare da an canza wannan ba ka karya sharaɗi kenan, kuma sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke takarda in an karya sharaɗinta. Canjin nan nema ake yi a rubuce, KASUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, za su duba ko unguwar ta dace da gidajen zama su kuma amince da zanen ginin, KADGIS kuma, wato hukumar rajistar filaye ta jihar, su gyara takardar. Na taɓa ganin wani bawan Allah har tayil ya sa a banɗakuna, wata safiya ya tarar an shafa masa jan fenti a katanga, aikin nan ya shekara a tsaye.

Sai maganar wa ke da wajen ma. Da ka ce kusa da layin dogo sai da gabana ya faɗi, don filaye da yawa a gefen dogo na hukumar jiragen ƙasa ne, tun zamanin Turawa ake ba kamfanoni haya su gina sito da wajen gurza saboda sauƙin lodi, wani haya ce kawai a hannunsa amma dillali zai rantse maka mallaka ce. Ka sa lauya ya yi bincike a KADGIS, in kamfani ne mai wajen a duba a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko an jinginar wa banki, tsoffin masana'antu da bashi ai ɗan juma ne da ɗan jummai. Kuma ko ciniki ya faɗa dole a nemi amincewar gwamna, sashe na 22 kenan, in babu ita cinikin bai zauna ba a idon doka.

Tsufa kaɗai ba ya sa gini ya zama kayan tarihi a doka, sai an ayyana shi. Wasiƙa ɗaya zuwa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta isa ka san matsayinsa. Ni dai da nawa ne, in bangon jan bulo ne irin na da, ba zan rushe shi ba, amma injiniya mai rajista ne zai faɗi ko zai ɗauki dakin, wato rufin kankare. A duba rufin ma, in irin asbestos ɗin da ne, ƙurarsa tana lalata huhu, ba aikin lebura da guduma ba ne.

Kuɗin da ka riga ka bayar kuwa, ka koma ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu cewa ragowar sai bincike ya fito lafiya, in bai fito ba a dawo maka da kuɗinka. In mai wajen ya ƙi sa hannu, kar ka ƙara masa ko kwabo, ka kawo rasit ɗin da aka ba ka mu ga me aka rubuta a kai.