Kafin ka sayar da sandunan nan

Ɗan'uwa, tun daren jiya na ga tambayarka, na ce bari in kwana a kanta tukuna. Ka ce shekararka 3 kana wasan golf, duk ƙarshen mako kana fili, amma har yau ba ka taɓa sauka ƙasa da bugu 95 ba. Waɗanda kuka fara tare duk sun wuce ka, kuma ranar da ka sha kaye iyali kan gane tun daga yadda ka rufe ƙofar mota. Shi ne kake tambaya ko akwai wani abu a wasan nan ban da ci da faɗuwa, ko kuwa ka sayar da sandunan ka huta.

Ni shekarata 19 a ciki, kuma har yanzu ban iya ba. Ba ƙanƙan da kai nake yi ba, katunan makina suna nan a jaka, duk mai so ya zo ya duba ya sha dariya. Saboda haka kada ka ɗauki wannan a matsayin maganar gwani. Maganar wanda ya riga ka shan haushin ce kawai.

Bari mu fara da lissafi, don a nan yawancinmu muke cutar kanmu ba mu sani ba. Lambar nan ta handikaf, wato ma'aunin ƙwarewar ɗan wasa, da kowa yake tinƙaho da ita ko yake ɓoye ta, ka san yadda ake fitar da ita? A tsarin bai-ɗaya da hukumomin R&A da USGA, masu kula da dokokin golf, suka fara aiki da shi a 2020, ana duba wasanninka 20 na baya-bayan nan, a tsince 8 mafi kyau, a ɗauki matsakaicinsu. Sauran 12 ɗin ko kallonsu ba a yi. Ka ga ke nan lambar hoton ranakun da ka shigo fili da ƙafar dama ce, ba ta wasanka na yau da kullum ba. A wasa 20, da ƙyar ka kai ta sau 4 ko 5. To idan ita ce ma'auninka na ranar da ta yi kyau, ka riga ka yanke wa kanka hukuncin komawa gida da ɓacin rai sau 15 a cikin 20, tun kafin ka ɗaura takalmi. Na yi shekaru ina zaman wannan kotu, ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, ni ne kuma wanda ake ɗaurewa.

Haka batun par, wato yawan bugun da aka ƙayyade wa kowane rami. Bugu 72 ɗin nan da ake bugawa a ƙasan kati, da gwanaye aka auna shi. Mutumin da ya ƙara bugu ɗaya tak a kowane rami zai tashi da 90, kuma wallahi wannan ɗan wasa ne mai kyau a cikin irinmu masu zuwa sau ɗaya a mako. Kai da 95 ɗinka bugu 5 ne tsakaninka da shi. Ka tuna ma abin da muke ƙoƙarin yi: ƙwallon da ba ta kai giram 46 ba, za ka kai ta cikin ramin da faɗinsa bai cika santimita 11 ba, daga nisan mita 350 ko fiye, ga iska, ga yashi, ga ruwa, ga itatuwa. Abin mamakin ai shi ne tana shiga.

Na san za ka ce duk wannan lallashi ne, mai ci dai ya ci. To dubi su manyan. Jack Nicklaus ya ci manyan gasa 18, wanda har yau ba a kamo shi ba, amma sau 19 ya zo na biyu. Wato a wurin da ya fi kowa, ya fi yawan ganin kofi ya wuce ta gabansa a kan ya ɗaga shi. A 1999 a filin Carnoustie na Scotland, Bafaranshen nan Jean van de Velde ya iso rami na ƙarshe da ratar bugu 3, ko bugu 6 ya yi ya ci gasar. Ya yi 7, har da tuɓe takalmi ya shiga rafi duniya tana kallo, kofi ya tafi hannun Paul Lawrie. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Tom Watson a filin Turnberry na Scotland a 2009, yana da shekara 59. Par kawai yake nema a rami na 18, ya yi bugu mai kyau ƙwarai, ƙwallo ta sauka ta gangara ta wuce, ƙarshe Stewart Cink ya doke shi a wasan raba gardama. Waɗannan sana'arsu ke nan, da ita suke ci. Mu kuwa babu wanda zai kore mu daga aiki ranar Litinin don ƙwallo ta faɗa ruwa ranar Asabar.

Amma gaskiya ba labarin manya ne ya gyara ni ba. Wani kofi ne da na ci.

Mu huɗu ne muke wasa tare tsawon shekaru, muka sayi ɗan ƙaramin kofi muna karawa a kansa sau ɗaya a shekara. A cikinmu akwai wani dattijo, ya ba ni shekara 20 ko fiye, Baba muke ce masa. Ƙwallonsa ba ta nisa sam. Ni in buga ta tashi kamar za ta huda gajimare, shi kuwa ya ɗan taɓa tasa ta yi ƙasa-ƙasa ta je ta kwanta a tsakiyar fili. Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, tawa kuma yawanci cikin daji take faɗowa. Shekara 4 a jere yana cin kofin nan, abin yana ci mini rai ba kaɗan ba. Har na taɓa wurgar da sanda a gabansa, ta maƙale a reshe, muka ɓata lokaci muna jifanta da wata sandar. Tabarmar kunya dai da hauka na naɗe ta ranar.

A shekara ta biyar na iso rami na 16 ina gabansa da bugu ɗaya. Na buga, ƙwallo ta karkata dama ta shiga cikin itatuwa. Na same ta zaune daram tsakanin saiwoyi biyu, inda ko ka yi yaya sanda ba za ta shiga ba. Doka a fili take: ko ka buga ta yadda take, ko ka ce ba ta buguwa, ka ɗauki tarar bugu ɗaya ka sauke ta a gefe. Na waiga. Su biyu suna can suna neman tasu, Baba kuma ya juya baya yana goge sanda da tawul. Na sa gefen takalmi na ɗan shure ta. Ba ta yi tafiyar taƙi biyu ba, amma ta fito fili. Na buga, na tsira da ramin, na ci kofin da bugu ɗaya cif.

Baba ne ya fara miƙo mini hannu, ya cire hula, ya ce, "Barka, yaro, yau ranarka ce." Na kai kofin gida na ɗora a kan kabad. Mako bai zagayo ba na sauke shi na tura shi ciki, bayan tsofaffin takardu. Uwargida ta tambaye ni dalili, na ce ƙura yake tarawa. Shekara 5 ina neman abin nan, na same shi, ko kallonsa ba na iya yi.

A golf babu alƙalin wasa mai bin ka da usur, kai ne mai kai ƙarar kanka. A gasar US Open ta 1925, ƙwallon Bobby Jones ta ɗan motsa a cikin ciyawa lokacin da yake shirin bugu. Ba wanda ya gani, shi ya dage sai an rubuta masa tarar bugu ɗaya. Ƙarshe suka yi kunnen doki da Willie Macfarlane, ya faɗi a wasan raba gardama. Da aka yi ta yabonsa, cewa ya yi kamar a yabi mutum ne don bai fasa banki ba. Na san wannan labari tun kafin in shuri ƙwallon nan, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Sai bayan wata uku na samu ƙarfin halin faɗa masa. Muna tafiya tsakanin rami na 9 da na 10, na ce, "Baba, kofin nan fa naka ne." Na kwashe duka na gaya masa. Bai ko rage tafiya ba. Ya ce, "Ai na gani. Na ga kana bukatarsa ne fiye da ni." Ya yi 'yar dariya, ya ce in riƙe shi zuwa baɗi, amma in goge masa ƙurar kafin in dawo da shi.

Daga ranar na fara lura da mutumin nan da idon basira. Da ya kafa ƙwallo a rami na farko, kafin ya buga, sai ya tsaya ya dubi filin, ya ce alhamdulillahi a hankali. Da can na ɗauka addu'ar neman nasara ce. Ashe an taɓa yi masa aiki a gwiwa, ya yi kusan shekara bai taka fili ba. Shi a wurinsa isowa ramin farko da ƙafafunsa shi ne babban abin, duk abin da ya biyo baya gyara ne. Ban fahimce shi sosai ba sai da bayana ya riƙe, na yi wata 7 ko sunkuyawa in ɗaura takalmi ba na iyawa. Ina kwance ina ta tunanin filin, kuma ko sau ɗaya ban yi kewar maki ba. Raɓar safe da take jiƙa bakin wando na yi kewa, da layin da ƙwallo take ja a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, da ƙarar nan "ƙwas" idan ta haɗu da tsakiyar sanda har ba ka ji nauyinta a hannu ba, da tsiyar da muke yi wa juna. Da a lokacin an ce in je in buga 120, da gudu zan tafi.

Ka lissafa ma da kanka. Ramuka 18 kusan awa 4 ne, tafiyar kilomita 8 ko fiye. Kowane bugu bai wuce daƙiƙa biyu ba, ko ka haɗa da tsayuwa da saiti, duka 95 ɗin ba za su cinye rabin awa ba. Sauran lokacin fa? Tafiya ce da hira da shiru. Ni da can duk wannan lokacin a zagin kaina yake ƙarewa, a kan bugun da ya riga ya wuce.

Kada ka ɗauka cewa nake ka daina son ci. Masu cewa su ba ruwansu da maki, yawancinsu ba gaskiya suke faɗa ba, ka lura da fuskarsu idan gajeren bugu ya zagaye bakin rami ya fito. Ni ma har gobe ina jin zafin kaye, kuma ina ganin rashin mutunta abokin karawa ne ka ƙi ba shi iya ƙoƙarinka. Bambancin kawai, yanzu zafin ba ya bi na cikin mota.

Ga abin da zan ce ka gwada kafin ka yanke shawara. Ka shawo kan abokanka ku riƙa yin tsarin Stableford, wanda wani likita, Frank Stableford, ya ƙirƙiro, aka fara gasa da shi a Wallasey ta Ingila a 1932. Maki ake tarawa rami-rami bayan an cire maka rangwamen handikaf ɗinka: par maki 2, ƙarin bugu ɗaya maki 1, abin da ya wuce haka sifili, ka ɗauki ƙwallonka ka yi gaba. Rami ɗaya da ka yi 10 a cikinsa ba zai ƙona maka yini duka ba. Ka kuma matso wurin bugun farko na gaba, wanda ya fi kusa da rami, ba abin kunya ba ne, don irinmu aka yi shi. Wani lokaci ka bar katin a jaka gaba ɗaya, ka yi ramuka 9 kai kaɗai da yamma da sanduna 5 ko 6, ba dole sai 14 ɗin da doka ta yarda ba. Sannan abin da na koya a wurin Baba: kafin ka tayar da mota, ka tuno bugu ɗaya da ya fita yadda ka so. Ban taɓa yin wasan da na rasa guda ɗaya ba, ko ranar da na ɓatar da ƙwallo 8.

In ka yi duk wannan na wata uku ka ga har yanzu da nauyin zuciya kake fita, kuma da shi kake dawowa, to ka sayar, babu laifi. Ba kowane wasa ne na kowa ba, kuma iyalinka sun fi sanduna haƙƙi a kanka.

Baba yanzu ramuka 9 kawai yake iyawa, wani lokaci ma a na 7 yake tsayawa ya zauna a benci ya jira mu. Kofin yana wurinsa, ya karɓe abinsa a shekarar da ta biyo baya da ratar bugu 6. Makon jiya ma ya zura wata daga nisan da bai gaza taku 12 ba, ya juyo yana tambayata ko na ga yadda ake yi.