Okid mai ƙamshin dare

Ɗan'uwa, ka ce okid ɗinka farin fure gare shi, ba ya ƙamshi sai bayan magariba, kana neman sunansa da yadda ake rainonsa. Ina kyautata zaton Brassavola nodosa ne, ɗan asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya har zuwa Kolombiya da Benezuwela.

Duba ganyen don ka tabbatar. Kowane kara ganye ɗaya tak yake fitarwa, mai kauri kamar fensir, da tsagi a tsawonsa. Furen yana da faffaɗan leɓe fari mai siffar zuciya, sauran sassan sirara ne, kore-kore. Ƙamshin kuwa ba don mu yake yi ba, kiran ƙwarin dare yake su zo su yi masa barbara.

Kada ka binne shi a ƙasa, domin a jikin bishiya yake rayuwa. Ɗaure shi a ɓawon itace ko ka sa shi a kwando, saiwarsa ta sha iska. In ka ba shi ruwa, bari ya bushe sarai kafin ka ƙara. Yawan ruwa ruɓar da saiwa yake.

Idan ya ƙi fure, galibi ƙarancin haske ne. Matsar da shi inda ranar safe za ta same shi.