Amsa: Lambobin perf da ba sa tsayawa wuri ɗaya

Malam, ka ce kana gwada ma'aunan aikin furosesa da perf, manhajar auna aiki ta Linux, amma kowane gwaji lamba daban kake samu. Ni ma na sha fama da wannan a wurin aikinmu nan Wuse.

Fara da abin da ka riga ka san amsarsa. Rubuta ɗan shiri mai maimaita umarnin da ka ƙirga da hannunka sau miliyan, ka ɗaure shi kan cibiya (core) ɗaya ta furosesa da manhajar taskset, sannan ka auna da perf stat -e instructions:u. Wannan :u ɗin yana fitar da aikin kernel, wato zuciyar Linux, daga lissafi. Adadin umarni zai tsaya kusan wuri ɗaya, cycles kuwa, wato adadin bugun agogon furosesa, dole ya riƙa motsi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne auna abubuwa da yawa lokaci guda. Ma'aunan da ke cikin furosesa kaɗan ne. A furosesa samfurin Skylake na Intel huɗu ne ga kowane zare (thread) idan Hyper-Threading, wato raba cibiya ɗaya zuwa zare biyu, na kunne, ban da uku tsayayyu waɗanda ba a sauya abin da suke aunawa. Da ka wuce haka, kernel zai sa abubuwan da kake aunawa su yi karɓa-karɓa ya ƙiyasta sauran. Duba kason da perf ke nunawa a ƙarshen layi, in ka ga ƙasa da 100% to ƙiyasi kake karantawa. Ka kashe nmi_watchdog ma, wato mai lura ko kernel ya maƙale, domin yana riƙe ma'auni ɗaya.