Ina son zama ɗan jarida mai binciken ƙwaƙwaf a talabijin, ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama karatun aikin jarida, kana son shiga bincike a gidan talabijin na jiharku amma ba ka san mafari ba.

Ba a farawa da bincike. Ka fara da rahoton yau da kullum: kotu, asibiti, majalisar jiha, kasuwa. A nan ake samun majiya, kuma majiya ita ce jarinka. Masinjan ofis kan san abin da kwamishina ba zai taɓa faɗa ba.

Sai takardu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka, ko da yake sau da yawa shiru za ka ji. Ka ɗauki kasafin kuɗi, ka je wurin da aka ce an gina rijiya, kyamara ta nuna abin da ke ƙasa. Talabijin hoto ne. Labarin da ba hoto ya fi dacewa da rediyo.

Inda sababbi ke faɗuwa: karɓar ambulan, wato kuɗin toshiyar baki, dogaro da mutum ɗaya, da watsa zargi ba tare da jin ta bakin wanda ake zargi ba.

Gidan talabijin na gwamnati kuwa, kada ka yaudari kanka, da wuya ya bari ka taɓa mai biyan albashi. Masu zaman kansu ma ba su tsira ba: a 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan shirinta na 'yan bindiga.

Kafin ka saki duk rahoton da ya ambaci suna, ko ka yi amfani da ɓoyayyiyar kyamara, edita da lauya su fara gani.