Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan gidan da ke ƙarƙashin HOA a Houston

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sanya alheri. Kin ce kun sami gida a wajen Houston, a jihar Texas ta Amurka, amma an tsorata ku cewa ƙungiyar masu gidaje ta unguwar, wato HOA, tana iya sayar da gidan mutum idan ya kasa biyan kuɗinta, kuma kina son sanin ko doka ta yi wani gyara. Gaskiya ne, a Texas tana iya yi. Na daɗe ina zaune a irin wannan unguwa, har na taɓa zama ɗan kwamiti, don haka zan faɗa miki abin da na gani.

Ranar da kuka sa hannu a takardun gida, kun zama 'yan ƙungiya, ko kuna so ko ba kwa so, domin sharuɗɗan suna manne ne da filin. Kuɗin shekara da ake karɓa shi ake gyara wurin iyo da fitilu da ciyawar bakin hanya da shi, kuma ba shi ne yake kayar da mutane ba. Abin da ke kayar da mutum shi ne kuɗin lauya. Da zarar an miƙa bashinki ga lauyan ƙungiya, duk wasiƙar da ya rubuta ke za ki biya. Wani maƙwabcina ya je gida jana'izar mahaifinsa ya daɗe, wasiƙu suka taru a akwati babu mai buɗewa. Da ya dawo ya kawo mini takardar lissafin muka duba tare a teburin falonsa: asalin bashin layi ɗaya ne, sauran shafin duk kuɗin makara ne da na karɓar bashi da na lauya, har sun ninka asalin. Hannunsa na rawa yake tambayata ko gidan ya tafi ke nan. Bai tafi ba, don mun nemi a raba masa biyan kashi-kashi, kuma doka ta tilasta musu su yarda.

Wannan kariya ba haka kawai ta faɗo ba. A 2001 aka sayar da gidan wata gwauruwa mai shekara 82 a nan Houston kan bashin da bai kai dala 900 ba, gida na kusan dala 150,000 aka kaɗa masa ƙararrawa a dala 5,000. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa majalisar jihar ta kafa Babi na 209 na dokar kadarori. An ƙara masa ƙarfi a 2011 da 2021. Yanzu kafin su ci ki tara dole su aiko da wasiƙar rajista, kuma kina da kwana 30 ki nemi a zauna a saurare ki. Ba za su sayar da gida kan tara kaɗai ba. Sai sun bi ta kotu kafin gwanjo, in ma an yi gwanjon kina da kwana 180 ki fanshi gidanki. Akwai kuma wani gyara da mutane ba sa lura da shi: duk abin da kika biya, dole a fara cire kuɗin shekara daga ciki, tara ta zo daga baya. Da can sai su zuba kuɗinki a kan tara, su ce ba ki biya kuɗin shekara ba, su sami hanyar kama gida. Gyaran 2021 ya kuma hana su hana ki saka alamar addini a gidanki ko kyamarar tsaro, abin da ya shafe mu kai tsaye.

Amma a ganina gyaran bai isa ba, kuma abin yana ci mini rai. Duk waɗannan haƙƙoƙi suna amfanar wanda ya buɗe wasiƙa ne a kan lokaci, ya fahimci Turancin lauyoyi, ya san akwai kwana 30 ɗin. Tsoho da mara lafiya da baƙo irinmu su ne ake kamawa. Jihar Colorado a 2022 ta taƙaita tara a dala 500 ga yawancin laifuka, ta tsayar da ruwan bashi a kashi 8 cikin ɗari. A jihar Florida kuwa sai da aka kama shugabannin ƙungiyar unguwar Hammocks a Miami a 2022 bisa zargin sace sama da dala miliyan 2, sannan a 2024 aka yi dokar da ta wajabta wa manyan ƙungiyoyi su saka takardunsu a intanet, ta kuma hana cin tara don kwandon shara ya kwana a bakin hanya ranar kwashewa. Ni abin da nake so Texas ta yi shi ne ta sa iyaka ga kuɗin lauya, ta kuma haramta sayar da gidan da mutum yake ciki kan ƙaramin bashi.

Kafin ku biya, Hajiya, ku nemi takardar da ƙungiya ke bayarwa lokacin sayar da gida, wadda ke nuna ko akwai bashi a kan gidan da ko ƙungiyar tana cikin shari'a. Ku karanta sharuɗɗan, musamman in kuna da niyyar ba da haya ko Alhaji yana ajiye motar aiki a ƙofar gida. Ku duba asusun ajiyar ƙungiyar. In babu kuɗi a ciki, wata rana za a yanka muku kuɗin gaggawa. In kun tare, ku sa banki ya riƙa biya da kansa, kuma duk sanda za ku je gida hutu ku bar wa amintacce makullin akwatin wasiƙa. Taron shekara ma ku riƙa zuwa, domin a namu sau da yawa mutanen da ke halarta ba sa cika layin kujeru biyu, kuma su ne suke zaɓen waɗanda za su ci mu tara.