Nisa da jirgi a kogin Isa

Ɗana, ka tambaye ni yadda masuntanmu na Yamai suke yanke shawarar yin nisa da jirgi a kogin Isa, wato Neja, tunda ku a Kano ruwan da kuka sani Tiga ne da Bagauda. To, a nan ba a cikin ruwa ake shawara ba. A bakin gaɓa ake yinta bayan isha'i, ana ɗinkin kalli, wato ragar kamun kifi, dattijon jirgi yana saurare, shi ne na ƙarshen magana.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne cikar kogin sau biyu take. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafuka irin su Sirba ke kwararowa da shi daga Burkina, ja wur da laka, ga gudu. Shi ne ya kai santimita 700 a ma'aunin ruwa na Yamai a Satumbar 2020 ya shiga gidajen unguwannin Saga da Kirkisoye. A wannan lokacin mai hankali ba ya wuce inda zai hango gaɓarsa. Sannan akwai na biyu, ruwan da aka yi a Gini, ya yi ta jan ƙafa cikin fadamun Mali sai Disamba ko Janairu ya cika mana kogi, ana tsakiyar hunturu, babu ko gajimare. Shi ya sa dattawanmu ba sama suke kallo ba. Sanda suke kafawa a gaɓa, da asuba a duba ko ruwa ya hau ko ya sauka. In ya fara ja da baya, kifi ya matsu cikin gurabe, sai a fara maganar tafiya.

Daga nan lissafi ne: man zuwa da na dawowa, jaka nawa ke nan, ƙanƙara za ta kai ko banda za a yi a can, takardar izini ta ma'aikatan ruwa da daji tana aljihu. Giwan ruwa ɗanye yake da kuɗi, tarwaɗa kuwa ba ta ƙin hayaƙi. Sai a tambayi Sorko, Zabarmawan da muka tarar a kogin, inda dorina ta haihu. Mai ɗa ba ta gargaɗi. Arewa wajen Ayoru yanzu tsaro ma sai an tambaya.

Ni ma na taɓa yin gardama. Shekarata ta uku a nan, dattijonmu ya ce mu juya, iska ta sauya, na ce a ƙara zuba mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, sau ɗaya. Ya yi shiru ya bar ni. Mai ya ƙare mana ƙasa da garin Say, muka yini muna tuƙi da hannu muna fama da ruwa, ƙanƙara ta narke. Ƙarfasar da muka kawo, matan kasuwa suka ɗaga kunnenta, suka shinshina, suka ajiye.